Hanyar da Raƙumi Ke Ƙi

Duk abin da na sani game da hanya, a ƙafar dabba na koye shi. Tun ina saurayi nake bin kawuna, wan mahaifiyata, wanda madugu ne. Mukan tashi daga Damagaram da turkudi da goro da jemammun fatu, mu ratsa Damargu har Agadas, mu komo da gishiri da dabino. A wurinsa na koyi cewa hanya mai kyau ita ce mai laushi. Tafin raƙumi rairayi yake so. In ka bi da shi kan tsakuwa, ba a jimawa zai soma ɗingishi, kayansa su koma kan 'yan'uwansa, ayari duka ya yi nauyi. Saboda haka kowane fako, kowace marmara, kowane tudun tsakuwa da ke tsakanin Birnin Damagaram da Tanut na san shi sarai. Na san su ne don in kauce musu, kamar yadda mutum ke sanin ƙofar gidan da ke da mugun kare. Yanzu da na koyi riƙe alƙalamin boko a kan girma, labarin waɗannan wurare ne na ga ya kamata in fara sa wa a takarda.

Wata shekara fara ta sauka a arewa, ta share gonaki tun hatsi bai yi ido ba. Yayata, wadda muke ciki ɗaya, tana aure a wani ƙauyen Damargu, gabas da Tanut. Ƙarshen bazara, zafi ya kai inda ya kai, sai ga wani Buzu ya yi sallama a ƙofar gidanmu cikin Birni. Ko zama bai yi ba ya isar da saƙo.

"Yayarka ta ce in gaya maka sun ci irin. Anza suke jiƙawa yanzu. Ta ce ba abinci take roƙo ba, iri take so, kuma ya riga ruwan fari isa."

Sai wanda ya san Damargu zai gane nauyin maganar nan. Can damina gajera ce. In mutum ya bar ruwan fari ya wuce shi, karansa zai tsaya kore shar, ruwa ya ɗauke ya bar shi ba zangarniya. Anza kuwa 'ya'yan wani ƙaramin icce ne masu ɗacin gaske, sai an yi ta jiƙa su ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Gidan da ya riga ya koma kan anza, in ya sake rasa damina, watsewa yake yi.

Na je kasuwar Mirriya na ga hatsi, amma na kudu ne, mai jan lokaci, ba zai nuna a can ba. A Zango, unguwar fatake da ke wajen Birni, na dace, a rumbun wani dillali. Hatsin Damargu ne da kansa, wanda aka kawo bara waccan. Na sayar da jakina mafi ƙarfi, Kawu ya cika sauran, muka ɗura shi a taikuna, wanda zai ishi gidan yayata da maƙwabtanta.

Kaiwa ita ce matsala. Raƙuman da ke da sauran ƙarfi, kwamandan Nasara ya sa an kwashe su don dakon kayan bariki. Waɗanda suka rage ƙashi ne da fata. Da jaki kuwa, a wannan zafin, ga rijiyoyi da yawa sun ƙafe, ruwa zai riga ni. Kullum la'asar gajimare na taruwa a gabas, ya yi kamar da gaske, ya watse.

A lokacin motocin Damagaram ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma kusan duk na Nasara ne. Amma wani attajiri Babarbare, wanda Kawu ya daɗe yana jan ayarinsa, ya sayo tsohuwar motar kaya daga Kano, irin wadda muke ce wa kamyo. Yana shirin aika ta arewa ta kwaso ƙiraga, don shanu sun mutu da yawa a shekarar. Wayam za ta tafi. Kawu ya je ya gaishe shi ya yi bayani. Attajirin ya ce a ɗora irin, da sharaɗi biyu: Kawu ne zai nuna hanya, kuma gangar isansi, wato man mota, ɗaya ce tak. In ta kai rabi, duk inda ake, a juyo gida.

Mai tuƙa motar tsohon soja ne, ɗan Mirriya, gajere mai babbar murya. A bariki ya koyi mota, kuma ko ana zafin da ke narka kitse ba ya tuɓe kwat ɗinsa ta soja. Kowa Shofer yake ce masa, wato direba. Shi ya ce kada mu bi hanyar Nasara, wadda ake kan yi a lokacin, mai bin wayar tangaraho sak.

"Gardi, dogaran Nasara, na can suna tsaron masu aikin dole," in ji shi. "Suka ga mota, dutse za su sa mu ɗauka har bayan damina. Ni na san su, na ci tuwo da su."

Kawu ya ce dama shi bai san wata hanyar Nasara ba. Akwai hanyar da iyaye suka bari.

Mota ba ta shiga lungunan Birni, don haka a kan jakai muka fito da taikunan zuwa bakin Zango bayan sallar asuba. Kawu ya zauna gaba kusa da Shofer, sandarsa ta madugu a hannu, yana nuni da ita ta taga. Ni na hau bisa kaya, tare da salkunan ruwa da shebur da zanaye biyu. Muna fita daga cikin duwatsun gari Kawu ya nuna turbar ayari, mai faɗi, mai laushi, wadda ƙafafun raƙuma suka niƙe tun zamanin kakanni har ta zama kamar gari. Motar ta shiga, ta yi gurnani, ta yi tari, ta zauna.

"Madugu, nan kuma ina ne?" in ji Shofer.

"Hanya ce."

"Hanya ce ko kushewa?"

"Raƙuman da suka bi nan ba su ƙirguwa, ban ji wanda ya yi kuka ba."

"Raƙumi ba ya shan isansi, Baba."

Na sauko na haƙa gaban ƙafafun, na shimfiɗa zana, Shofer ya murza sandar ƙarfen da ake tada ta da ita, na tura. Ta fita. Ba mu yi nisan jifa ba ta sake zama. Haka muka wuni. Kuma turbar ayari daga gari take zuwa gari, garuruwanmu kuwa duk a kan jigawa suke, don nan hatsi ke yi. Kowane gari muka shiga sai ta nutse a tsakiyarsa, kuma kowane gari sai Kawu ya sauka ya gai da mai gari, a kawo fura, a tambayi lafiyar Birni gida gida. A Dakusa mutane suka kewaye mu. Wani dattijo ya zagaya motar yana leƙen ƙarƙashinta, ya tambayi Shofer ko mace ce ko namiji. Samarin garin suka tura mu da waƙa har bayan gonaki, Allah ya saka musu, muka yi gaba kaɗan muka sake zama.

Muna cikin haƙa sai ga wani mai jakai da na sani, wanda muka bari a Zango yana ɗaure kaya. Ya zo ya wuce mu a hankali, yana kaɗa ƙafa.

"Sannunku da hutawa, masu mota. In kuna da saƙo arewa ku ba ni."

Shofer ya jefe shi da kashin raƙumi.

Da rana ta yi ja muka tsaya gaba da Dakusa kaɗan. Shofer ya tsoma kara cikin gangar isansi, ya zaro, ya nuna mana inda ya jiƙe. Bai yi wasa ba wannan karon.

"Gobe in ta zama kamar yau, kafin la'asar mun kai rabi. Ni kuwa ba zan kwana a daji da motar mutane ba."

Kawu ya kalli gabas, inda gajimare ya taru ya fi na jiya kauri. Ni ban iya gardama ba, tun ina yaro. Abin da na iya shi ne in zauna kusa da dabba in ga abin da ke damunta. Na ga duk yinin nan muna ta gaya wa motar abin da muke so, ba wanda ya tambayi abin da ita take so. Na matsa kusa da Shofer.

"Soja, gaya mini. Wace irin ƙasa take so?"

"Yanzu ka tuna, mai jakai?" Ya tashi ya yi 'yan taku zuwa gindin wani suri, ya buga dunduniya a ƙasa. Ta yi ƙara, ba ta bar sawu ba. "Wannan. Inda dunduniyata ba ta shiga."

"Ko da tsakuwa?"

"Tsakuwa ai tuwonta ce da miya."

"Marmara fa?"

"In ka samo mini marmara daga nan har Tanut, na ba ka kwat ɗin nan."

Na koma na zauna. Sai wuraren nan suka riƙa zuwa mini ɗaya bayan ɗaya: tudun jan dutse da muke bari a hannun dama, dogon fakon da muke kewayewa ta yamma, tsakuwar da ta taɓa sa muka sauke kaya muka ɗaure wa raƙuma fata a ƙafa. Ban taɓa jera su a kaina ba, don ba a jera abin ƙi. Da na jera su sai na ga kusan kowanne yana miƙa hannu ga na gabansa, tun daga inda muke har kusa da ƙauyen yayata. Tsakaninsu 'yan harsunan rairayi ne kawai. Na gaya wa Kawu.

"Wannan ba hanya ba ce," in ji shi. "Bayan hanya ne. Ba rijiya, ba gari, ba inuwa."

"Ga ruwa a salka, Kawu. Ita kuma ba ta kiwo."

Ya daɗe yana jan gemu. Can ya ce, "In ka kai ƙarshen jan dutse kada ka yi dama. Akwai ramukan yanyawa, za su karya mata ƙafa." Daga nan na san ya yarda.

Da gari ya waye muka bar turbar ayari. Ni ke bisa, don daga can ake ganin nesa. In na buga rufin ta dama Shofer ya yi dama, in na buga ta hagu ya yi hagu, in na buga tsakiya ya tsaya. Inda na manta da ƙasar, itatuwa ke tuna mini. In na hango sabara da tumfafiya, na san rairayi ne, mu kauce. In na ga geza ta yi cunkus, akwai marmara a ƙarƙashinta. Inda suri ya yi yawa kuma ciyawa ta ƙi fita, fako ne. In muka zo harshen rairayi sai in sauka in taka shi da ƙafa, ina buga dunduniya kamar yadda Shofer ya nuna mini, har in sami inda ya fi ƙunci. Mun lura kuma rairayin safe, mai sauran sanyi, ya fi na rana riƙe ƙafar mota, don haka muka yi ta sauri tun rana ba ta ɗaga ba.

Da muka hau tudun jan dutse motar ta sake murya. Gurnanin jiya ya tafi, ta koma wani irin kuka mai daɗi, iska ta cika mini riga. Ban taɓa tafiya da sauri haka ba, kuma ban taɓa ganin ƙasarmu daga wannan wurin ba. Ayari kullum a ƙasa yake, cikin kwari, idonka a kan wutsiyar raƙumin gaba. Daga bisa tudun sai ga kwarin duka a shimfiɗe, goriba a jere kamar an dasa, farar turbar da na taka shekara da shekaru tana lanƙwasa a tsakani, siririya kamar zare. Can nesa duwatsu baƙaƙe a tsugune, wasu bisa wasu. Barewa suka tashi a gabanmu garke guda, suka tsaya suna kallo, don ba mai bin wurin balle ya koya musu tsoro. Gaba kaɗan jiminu suka fito daga cikin geza suka jera da mu suna gudu, fukafukai a buɗe. Shofer ya leƙo da kai ta taga yana yi musu ihu.

"Ku zo mu gwada, 'yan banza! Wanda ya riga isa Tanut ya ci uban wani!"

Suka bar mu a baya kamar muna tsaye. Na ji Kawu yana dariya a ciki, abin da ban cika ji ba. Da muka tsaya don a ba motar ruwa, ya fito ya tsaya bakin tudun, hannu a goshi.

"Waccan rijiyar da muke kwana ce?"

"Ita ce, Kawu."

"Ashe haka ƙasar nan take ta baya," in ji shi.

Kafin azahar mun ci tafiyar da ayari ke yi a zango da yawa, kuma karan Shofer ya nuna isansi bai yi ƙasa sosai ba. Sai muka hango wani gari a hannun hagu, a kan dogon tudun rairayi fari fat, rumbunansa a jere a gefe. Na san garin, amma na manta da shi sa'ad da nake jera tsakuwa a kaina.

Mai masaukin Kawu yana can, wani Bafillace da ya daɗe da barin daji ya zauna gari. Kawu kuwa Babarbare ne, don haka akwai wasa tsakaninsu. Tun kafin a haife ni Kawu ke sauka gidansa. Shi ya yi jinyar Kawu wata shekara da kurkunu ya kwantar da shi a hanya, ayari ya tafi ya bar shi. A al'adar fatake, ka wuce mai masaukinka ba sallama, gara ka tsaya a kasuwa ka zage shi. Sallamar kuma ba ta bakin ƙofa ba ce. Sai ka shiga, a kawo ruwa, a kayar da dabba, kuma ba ka tashi sai naman ya nuna ka ci. Ƙin ci da wucewa duk ɗaya ne.

Na ji sandar Kawu ta bugi taga. "Shofer, yi hagu."

"Hagu ina, Baba? Wancan tudun? Ko aljanu ke tura ta ba za ta hau ba."

"To tsaya nan, mu hau da ƙafa."

Motar ta tsaya a kan fako, gindin wata aduwa. Na sauko.

"Kawu, dubi gabas."

Ya duba. Wannan ba gajimaren kwanakin baya ba ne. Hadari ne ya kafu, baƙi ƙirin daga ƙasa, kansa fari. Iska ta ɗauke ɗif. Fako kuwa abokin mota ne muddin yana bushe. Ruwa na taɓa shi ya zama santsi da laka, sai a jira rana.

"Mu wuce," na ce. "In mun komo mu ba shi haƙuri."

"Ya ji kukan motar nan tun muna bayan dutse. Yanzu haka yana tsaye yana kallonmu. Gobe Damargu duka ta ji cewa na hau ƙarfen Nasara na manta ƙofar da na ci tuwo."

"To a gaisa a tsaye, mu juyo."

"Ka taɓa ganin an gaishe shi a tsaye? Kafin in gama ina gajiya ya kayar da ɗan akuya."

"Ni dai a ba ni cinya in ci a hanya," in ji Shofer. Ba wanda ya yi dariya, sai ya koma yana duba ƙafafun motarsa.

Sai na tsuguna a inuwar aduwar na bar Kawu ya yi ta kai da komo. Gaskiyarsa ce, ni ma gaskiyata ce, kuma na san in na matsa masa zai kafe. Na yi ta juya abin a raina har na ga bakin zaren. Da ya zo kusa da ni na ce:

"Kawu, wa yake jira? Motar, ko ni, ko kai?"

Ya tsaya. Ya juyo ya dube ni.

"Ni yake jira."

"To."

Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne. Kawu ne ya riƙe yayata bayan rasuwar iyayenmu, shi ya aurar da ita, kuma tun da ƙafarsa ta soma ciwo bai sake ganinta ba. Akwai zane baƙi da ya saya mata a Birni, yana naɗe cikin jakarsa. Kuma shi ne madugun da ya fara jan mota zuwa Damargu, ga shi ana ce masa ya sauka a rabin hanya.

"Ni attajiri ya danƙa wa motar," in ji shi.

"Kai ka danƙa mini, ni kuma in komo maka da ita gindin aduwar nan."

Ya gyara tsayuwa, ya koma madugu sak, kamar lokacin da yake yi mini tambaya ina yaro.

"Daga nan me za ka tarar?"

"Dogon fakon da muke kewayewa ta yamma."

"Sai me?"

"Sai busasshiyar ƙorama."

"Ina za ka ƙetare ta?"

"Ba mashigin ayari ba, can rairayi ne har gwiwa. Sama da shi, wurin duwatsu, inda taguwarka ta taɓa tsage tafi."

"Bayan ƙorama?"

"In sa tsaunin nan mai kai biyu a kafaɗar hagu, in bi tsakuwa har in hango rumbunansu."

Ya buɗe jaka ya ciro zanen ya ba ni. Ya ɗauki ƙunshin goro, ya sa na ɗebar masa iri cikin ƙwarya, don ba a shiga gidan mai masauki hannu sake a shekara irin wannan. Sa'an nan ya miƙo mini sandar.

"Riƙe. Ka daina bugun motar mutane da hannu kamar mai kiɗan ƙwarya. Ka ce wa yayarka ina gaishe ta. Ka ce mata ƙafa ce."

Muka bar shi yana hawan tudun a hankali, ba sanda. Kafin mu yi nisa na ga wani dogo mai farar riga ya gangaro da sauri ya tarye shi.

Dogon fakon shimfiɗe yake kamar an daɓe shi, Shofer ya sake mata linzami. A bakin ƙorama na buga tsakiya, na sauka na bi gaɓa da ƙafa har na sami wurin duwatsun. Gangaren ya fi yadda na tuna tsayi. Muka ɗauki shebur muka sassabe bakin, muka cike wani rami da duwatsu, iska kuwa ta soma tasowa daga gabas mai sanyi, da ƙanshin ƙasa a cikinta.

"Mai jakai, in ta kife fa?"

"Ba za ta kife ba. Ka sa ƙafar dama kan wancan falalen, ka bi ni."

Na shiga gaba ina tafiya da baya, ina kiransa da sanda. Ta gangara tana rangaji, taikuna suna motsi, ta taka falalen, ta yi ƙara kamar za ta rabe biyu, ta haye. Shofer ya leƙo yana share gumi.

"Kwat ɗin dai ba zan bayar ba. Rantsuwar soja ce, ba ta kama mutum."

Da la'asar sakaliya na hango rumbunan. Ƙauyen yayata ma a kan jigawa yake, don haka muka tsayar da motar a kan tsakuwa, wuri mai tudu inda ruwa ba zai kwanta ba. Ba sai mun aika ba. Kukan motar ya riga ya fito da kowa, maza da mata, sun rame har wuyansu ya yi tsawo. Yayata na cikinsu. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta kwance bakin taiki ɗaya, ta tura hannu har gwiwar hannu, ta ɗebo, ta shinshina, ta sa ƙwaya ɗaya a baki ta ciza.

"Namu ne," in ji ta. "Auta, a ina ka samo namu?"

"A Zango, Yaya. Gida ya komo."

Sai ta dubi gaban motar, ta dubi sandar da ke hannuna.

"Kawu fa?"

Na ba ta zanen, na gaya mata inda muka bar shi da dalili. Ta riƙe zanen a ƙirji. Ta ce, "Da ya wuce mutumin nan, da ni ma na ji kunya." Ta juya ta daka wa maza tsawa su ɗauki kaya, ba kallo aka zo ba.

Taikin ƙarshe na shiga zaure ɗigon fari ya faɗo. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, har ƙoramar da muka ƙetare muka riƙa jin rurinta daga nesa. Da safe gari duka ya fita gona. Mijin yayata yana gaba da sungumi yana sara, ni ina biye ina jefa iri ina rufewa da dunduniya. Shofer ma da kwat ɗinsa ya karɓi ƙwarya, yana shuka yana gunaguni cewa shi fa ma'aikacin mota ne. Ƙasar ta yi laushi, dunduniya na shiga har idon sawu.

Muka jira fako ya sha rana, muka ɗora ƙiraga, muka biyo sawunmu. Tun daga nesa na hango mutum biyu zaune gindin aduwa a kan buzu. Bafillacen ne ya fara tashi.

"Ku zo ku kwashe Babarbarenku! Ya cinye mini ɗan akuya, ya shanye nonon gidana, yanzu ya soma kallon tunkiya."

"Ɗan akuyar da bai fi kaza ba," in ji Kawu. Bai tashi ba, idonsa a kaina. "Sun shuka?"

"Sun shuka, Kawu. Da ruwan fari. Har ya soma tsagowa muka taso."

Ya ce alhamdu lillahi, ya shafa fuska. Na miƙa masa sandarsa. Ya karɓa, ya dogara da ita ya miƙe, ya yi sallama da mai masaukinsa yadda ya kamata, ba gaggawa. Da ya zo wurin motar Shofer ya buɗe masa ƙofar gaba, sai ya wuce ta. Ya tsaya a gefen kaya, ya miƙo mini sandar sama, sa'an nan ya miƙo hannu.

"Ja ni," in ji shi. "Ina so in ga jiminun nan da kyau."